Commodore 64 ko ZX Spectrum: wacce ta fi, kuma wacce za ta gyaru a hannunka?

Malam, ka ce mai kawo kayan gwanjo daga Turai ya nuna maka tsofaffin kwamfutoci biyu, Commodore 64 da ZX Spectrum mai 48K, kuɗinka na ɗaya ne, kuma kana so ka san wacce ta fi da wacce za ka iya gyarawa da kanka. A hoto da sauti Commodore ce gaba, a sauƙin gyara kuma Spectrum ce. Amma tun kafin ciniki, kada ka yarda mai kayan ya jona ko ɗaya da tsohuwar adaftarta don ya nuna maka tana kawo wuta. Dalili na nan tafe.

Sa'o'in juna ne, duk 'yan 1982. Kamfanin Sinclair Research na Cambridge a Ingila ya fitar da Spectrum a watan Afrilu, mai 16K a kan fam 125, mai 48K a kan fam 175. Commodore 64 ta shiga kasuwar Amurka a watan Agusta a kan dala 595. Clive Sinclair, mai kamfanin Sinclair, ya gina tasa galibi da kayan da kowa zai iya saya a kasuwa, yana ta rage tsada ta kowace kafa. Jack Tramiel na Commodore kuwa yana da tasa masana'antar aisi (IC, ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da ke kan fanel), MOS Technology, wadda ya saya a 1976, don haka aka ƙera wa injinsa aisi na musamman da babu mai irin su. Wannan ne ya ba Commodore fifiko a lokacin, shi ne kuma ciwon kan mai gyara a yau, tunda kamfanin ya rushe a 1994. Kamfanin Amstrad ya sayi harkar kwamfutocin Sinclair a 1986 a kan fam miliyan 5, ya ci gaba da Spectrum har 1992.

Kada lambar gudu ta ruɗe ka. Ƙwaƙwalwar Spectrum, Z80A, tana gudu a 3.5 MHz, ta Commodore, 6510, kusan 1 MHz. Sai dai umarni mafi gajarta a Z80 yana cin bugu 4, a 6510 bugu 2, saboda haka tazarar ba ta kai ninki uku da rabi ba. Spectrum ta fi sauri a lissafi zalla, amma ƙwaƙwalwarta ce ke ɗaukar kusan duk wani nauyi, har motsa hoto da fitar da sauti, alhali Commodore ta raba aikin.

Hoton Spectrum ɗigo 256 ne a kwance, 192 a tsaye. Don a tsimi RAM, wato ma'ajiyar da inji ke riƙe bayanai yayin aiki, an yanka fuskar gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, kuma launi biyu kacal yake ɗauka. Shi ya sa a wasanninta, idan jan mutum ya gifta gaban koriyar bishiya, ko dai ya koma kore ko bishiyar ta yi ja. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta. Commodore tana da aisin hoto, VIC-II, mai ɗigo 320 sau 200 da launi 16, yana kuma yawo da ƙananan siffofi 8 a kan fuska ba tare da sun ɓata abin da ke bayansu ba. A sauti ma babu haɗi: Spectrum 'yar ƙaramar lasifika ce mai murya ɗaya, Commodore kuwa tana da aisin sauti, SID 6581, wanda Bob Yannes ya ƙera, mai muryoyi 3 da matatar sauti, wanda har yanzu masu haɗa kiɗa ke farautarsa. Don haka ka buɗe ka duba, ana yawan samun inji an cire masa SID an sayar daban, kuma yana tashi lafiya lau ba tare da shi ba.

Ga mai koyon rubuta manhaja, abin ya juye. BASIC, harshen rubuta manhaja da ke zuwa a cikin kowacce, a Spectrum yana da umarnin zane da sauti: PLOT, DRAW, CIRCLE da BEEP. Na Commodore ba shi da umarnin zane ko sauti ko ɗaya. Don ka mayar da gefen fuska baƙi sai ka rubuta POKE 53280,0, inda mai Spectrum zai ce BORDER 0 kawai.

Yanzu batun wuta, wanda shi ya fi kashe su. Adaftar Commodore tana fitar da wuta iri biyu, volt 5 DC da volt 9 AC. Yawancinsu an cika cikinsu da ƙaro mai tauri, zafi ba ya samun mafita, kuma ba sa buɗuwa a gyara. Idan regiletan ciki, mai daidaita ƙarfin wuta, ya tsufa, ba ya mutuwa shiru, ƙara wuta yake yi, kuma wannan volt 5 ɗin kai tsaye yake zuwa kan aisin RAM guda 8. Ka auna ta da mita alhali ba a jone da kwamfuta ba: ƙafa ta 5 da ta 2 a filogi mai ƙafa 7 su ba ka kusan volt 5, ta 6 da ta 7 kuma AC ɗin. Idan ta haura 5.2, ajiye ta. Mu dai shawararmu, ko ta auna daidai ka sayi sabuwa, domin wadda ta yi kyau da sanyi tana iya haurawa bayan ta yi zafi.

Tarkon Spectrum daban ne. Adaftarta volt 9 DC ce, amma tsakiyar filoginta negatif ne, alhali galibin adaftocin kasuwa tsakiyarsu fozitif ne. Girman bakin ɗaya ne, zai shiga, kuma ɓarna za ta biyo baya nan take. A ciki, RAM ɗin farko na 16K aisi 8 ne masu lamba 4116, kowanne yana buƙatar wuta uku: +5, +12 da -5. Wani ɗan da'ira mai naɗin waya da taransisto biyu, TR4 da TR5, shi ke samar da biyun ƙarshe. Idan TR4 ya ƙone, -5 ta ɓace, 4116 na iya bin sa, sai ka ga fuska ta cika da zane-zane da gidaje masu ƙyalƙyali. Ka auna a jikin 4116, baƙar wayar mita a ƙafa ta 16: ƙafa ta 1 ta ba da -5, ta 8 ta ba da +12, ta 9 ta ba da +5. Awon daƙiƙoƙi ne. Idan ɗaya babu, zare wuta. Ana maye TR4 da ZTX651. Abin da ya fi ƙona shi shi ne cusa wani abu a bakin baya na fanel ko zare shi alhali inji na kunne. Regiletan 7805 kuma yana zafi ƙwarai a cikin wannan ɗan akwati, balle a ɗakin da babu fanka a watan Afrilu. Masu gyara kan sa Traco TSR 1-2450 a madadinsa, wanda ba ya zafi. Ka sauya kafasitocin fanel ɗin gaba ɗaya, sun haura shekara arba'in.

Sauran cutar Spectrum kusan guda ce: ledar da ke ƙarƙashin madannan roba 40 tana bushewa ta tsage a inda ta lanƙwasa ta shiga fanel, sai layin madannai guda ya daina aiki. Ana buga sabuwa har yanzu, sauyawa ake yi. Aisi ɗaya ne nata na musamman, ULA na kamfanin Ferranti. A Commodore kuwa akwai VIC-II, SID, PLA da CIA 6526 guda biyu, ga 6510 kanta. Baƙar fuska ita ce alamar da ta fi yawa, kuma abubuwa da dama ke kawo ta. Fara da fiyus na ciki, domin a tsofaffin fanel idan ya tsinke jar fitila na kamawa amma VIC-II ba ya samun wutarsa. Daga nan sai PLA mai lamba 906114-01, sai RAM, musamman masu tambarin MT. Akwai sababbin madadin PLA da SID da ULA, amma odarsu ake yi daga waje. Wani gargaɗi: SID 6581 volt 12 yake ci, 8580 na sababbin fanel volt 9. Ka sa 8580 a tsohon fanel, ka kashe shi.

Idan burinka wasa da kiɗa ne, ɗauki Commodore, ka ware kuɗin sabuwar adafta a cikin farashin. Tana da ramin sandar wasa biyu a jikinta, Spectrum sai an ƙara mata Kempston, wata na'ura mai ramin sandar wasa da ake cusawa a bayanta. Idan so kake ka koyi gyara da mita da dalma, Spectrum ce makaranta, domin yawancin kayanta na gama-gari ne.

Tunda daga Turai suke, sun dace da wutarmu ta volt 230 da PAL, tsarin hoton talabijin na Najeriya. Commodore 'yar Amurka NTSC ce, adaftarta ta volt 120, kada ta kusanci soket ɗinmu. Spectrum ta ramin eriya kawai take fitar da hoto, sababbin talabijin kuma ba duka ke kama ta ba. Ana cire haɗin akwatin eriyar na ciki, a kai wayar hoto bakin soket ta kafasito mai 100µF, sai a jona a ramin AV. Kaset kuma, wanda da shi ake loda musu manhaja a da, ba dole ba ne: Spectrum na karɓar sautin manhaja daga waya ta ramin EAR, ko a sa mata DivMMC mai katin SD, Commodore kuma irin tata na'urar katin SD, SD2IEC.

Idan ka samu amintacciyar wuta, ga gwajin gaban mai kaya. Commodore lafiyayya tana rubuta 38911 BASIC BYTES FREE a shuɗiyar fuska. Lamba ƙasa da haka matsalar RAM ce. A Spectrum ka rubuta PRINT PEEK 23732+256*PEEK 23733. Idan ta ba da 65535, duk 48K ɗin na aiki. Idan 32767 ta fito, ko dai mai 16K ce aka kira ta 48K, ko RAM ɗin sama ya mutu, kuma ko wanne ne sai ya rage maka kuɗi.