Batun Peugeot 504 ɗin da ka ce in duba maka

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kowa lafiya, su Hajiya da yara da mutanen Wunti baki ɗaya. Na je na ga motar da ka turo mini hotonta. Shawarata dai ka haƙura da ita.

Kyau kam tana da shi. Fara ce sol, kujerunta ko lotsawa ba su yi ba. Mai ita wani dattijon Bature ne a bayan garin Manchesta. Da ya yaye tamfol, bai fara nuna mini inji ba, mita ya ɗora wa yatsa: mil 21,000 da 'yan kai, motar da ta haura shekara 40. Kuɗin da ya yanka mata kuwa ya isa a sayi irinta biyu masu lafiya.

A nan Ingila tsohuwar mota kasuwa ce mai zaman kanta. Idan ta cika shekara 40 ana iya yi mata rajistar motar tarihi, a yafe mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT. Masu sayen irin wannan ba hawa ce ta dame su ba. A gareji take kwana, sai ranar Lahadi in rana ta leƙo a zaga da ita, a goge, a mayar. Lambar da ke kan mitar nan ita suke saye da tsada. To kai da yau kana Azare, gobe ɗaurin aure a Gombe, jibi Jos, kafin shekara ta zagayo ka cinye abin da ka biya kuɗin dominsa, ta koma daidai da kowace 504.

Sannan zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta. Tiyon lagireto duk ya tsattsage, da na matsa shi da yatsa sai baƙin gari ya biyo hannuna. Baƙin mai ya ɗiga ya yi tabo a siminti, alamar robobin da ke riƙe shi sun bushe. Tayoyin ba su cinye ba, amma gefensu ya yi zane-zane don tsufa, kuma da na buɗe tanki wani wari ya buge ni, na fetur ɗin da ya daɗe a kwance. Birki ma in ya daɗe ba a taka shi ba kamewa yake yi. Ga tsatsa, wadda ita ce ajalin motocin ƙasar nan, saboda gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara.

Ita kanta mitar gida biyar ne da ita, in ta kai 99,999 sifili take komawa. A nan fa sun fi mu: da lambar mota kawai za ka shiga shafin gwamnati ka ga abin da mita ta nuna a kowane gwaji, amma daga 2005 bayanan suka fara. Abin da ya gabaci haka sai rasit da littafin sabis, kuma na dattijon akwai giɓin shekaru. Duk da haka ya fi rantsuwar dillali.

Wajen gyara kuwa mu ne a gaba, nesa ba kusa ba. Bakanike a nan da awa yake lissafin kuɗinsa, sai ka nemi rana tukuna, kuma yawancin matasansu da kwamfuta suka saba, kafireto baƙon abu ne a wurinsu. Kayan gyaran 504 sau da yawa sai an aiko daga Faransa. A Turai tun 1983 aka daina ƙera ta, alhali kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Shi ya sa a Bauchi ba ka rasa dattijon da zai kasa kunne a gindin darbejiya ya gaya maka abin da ke damun injin kafin a buɗe bonet.

Duk wannan ba a zo batun shigo da ita ba. Sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 muka sauya hannu, ga dokar kwastam kan shekarun motar da ake shigowa da ita.

In dai marmarin motar marigayi Baba ne ya motsa maka, sa a nemo ta Kaduna wadda ake hawa kullum, ko da mitarta ta zagayo. A ɗaga tabarmar ƙasa a duba tsatsa, a tayar da ita da sassafe a ga kalar hayaƙinta, a hau da ita hanyar Dass a ji giya da birki. Turo mini hoton ƙarƙashinta kafin ka ba da ko sisi, ni kuma zan kawo gudummawar fenti da tayoyi. A gaida Hajiya.