Tsohon kan bel na mata: wanne ya kamata ki fara saya?

In kina son fara tara tsofaffin kawunan bel na matan Turai, to shawarata ɗaya ce tun farko, kar ki saya sai mai kayan ya turo miki hoton bayansa. Gaban kowa ya iya gyara shi ya yi ƙyalli, bayan ne ke tona asiri.

Mu fara da na azurfar Ingila, wanda ake ce wa na nas-nas, don a da nas a can in ta gama karatu takan ɗaura bel mai kan azurfa a kan yunifom ɗinta. Ɓari biyu ne, ɗaya na maƙale ɗaya, yawanci da zanen furanni ko tsuntsaye an huhhuda. Ni dai shi na fi so wa sabon shiga, saboda da kansa yake faɗa miki shekarunsa. Juya shi za ki ga ƙananan hatimai a jere, zaki yana tafiya na nufin azurfa ce 925 (wato kashi 925 cikin 1000 zallar azurfa ce), ƙugiyar jirgin ruwa na nufin a garin Birmingham aka buga hatimin, kan damisa Landan, sai harafi ɗaya da ke nuna shekarar da aka buga hatimin. In kika ga damin alkama uku da takobi to garin Chester ne, kuma ofishin buga hatimin da ke can an rufe shi tun 1962, kin ga ko ba komai kin san ba na jiya ba ne. Amma fa ki duba ɓarin biyu duka, hatimin ya zo ɗaya, don akwai masu haɗa aure tsakanin ɓarin wannan da na wancan. In kuwa EPNS kika gani rubuce, ruwan azurfa kawai aka yi masa, kar a karɓi kuɗin azurfa a hannunki.

Sai na yankakken ƙarfe, wanda ya yi tashe tun ƙarni na 18 har zamanin Sarauniya Victoria da ta yi mulki 1837 zuwa 1901. Wallahi in haske ya doke shi sai ki rantse lu'ulu'u ne, alhali ƙananan ƙusoshin ƙarfe ne aka fiffiƙe aka dasa ɗaya bayan ɗaya. Na ainihin in kin juya za ki ga gindin kowace ƙusa daban, na arha kuwa falle ɗaya ne inji ya buga. Matsalarsa tsatsa. Na taɓa sayen ɗaya a intanet, hoton tas, da ya iso sai ga ja-ja a tsakanin ƙusoshin, ga biyu sun zube, kuma ba goge shi da ruwa ake yi ba balle ki ce za ki wanke. In ɗakinki na yin danshi da damina gaskiya ki haƙura da shi, ko ki tanadi akwati mai rufi sosai.

Na wajen 1890 zuwa 1910 su ne 'yan gayu, masu lanƙwasassun zane da fentin gilashi shuɗi da kore, irin ruwan jikin kwanukan jere na iyayenmu amma ya fi laushin aiki. Shagon Liberty na Landan ya fito da jerin azurfarsa mai suna Cymric a 1899, Archibald Knox na cikin masu zana masa, kuma duk abin da sunan nan ya hau kuɗinsa ba na wasa ba ne. Fentin in ya ɓantare da wuya a gyara bai nuna ba, to ki ƙara girman hoton sosai ki bi gefe-gefe.

Akwai na roba na shekarun 1920 da 1930, Bakelite da dangoginsa, su ne masu sauƙin kuɗi kuma su aka fi yi wa jabu. Ki murza shi da yatsa har ya ɗau zafi ki shinshina, na gaske yana da wani warin magani, sabuwar roba ba ta da shi. Wanda ya yi ƙamshin kafur kuwa seluloyid ne, nesa da wuta don ci yake yi kamar fetur.

Wani da nake ƙauna shi ne na Rasha daga yankin Kafkas, azurfa mai baƙin zane, ana kulle shi da wata 'yar ƙaramar wuƙa mai sarƙa. Lamba 84 a jikinsa na nufin azurfa 875. Sau da yawa wuƙar ce ke ɓata, in babu ita ki taya ƙasa.

To in ɗaurawa za ki riƙa yi a kan doguwar riga, ɗauki na nas ko na Rasha, suna jure hannu. Na ƙarfe da na fenti na ajiya ne. Kuma kafin ki tura kuɗi ki ce a ɗora miki shi kusa da rula a hoto, don ni wanda na zata ya kai tafin hannu da ya zo ko akwatin ashana bai kai ba.