Barkwancin siyasa cikin Sifaniyanci: wane fim za ka saya?

In kuɗin fim ɗaya kake da shi, kada ka wahalar da kanka, nemi Bienvenido, Mister Marshall na darakta Luis García Berlanga, wanda ya fito a 1953. Baƙi da fari ne, bai kai awa ɗaya da rabi ba.

Lokacin Sifaniya na hannun Janar Franco, kuma an tsame ta daga tallafin Marshall da Amurka ta fara raba wa ƙasashen Turai a 1948. Sai labari ya iso wani ƙauye, Villar del Río, cewa Amurkawa na tafe. Nan gari ya ruɗe. Ƙauyen na yankin Kastila ne, amma aka ci bashi aka yi masa kwalliyar Andalus, da bangon bogi da huluna masu faɗi, wai irin Sifaniyar da baƙi ke so ke nan. Aka ja layi kowa ya faɗi abu ɗaya da yake so a kawo masa. Magajin gari, wanda José Isbert ya fito a matsayinsa, dattijo ne mai nauyin kunne, ya hau baranda zai yi wa jama'a bayani, ya yi ta maimaita alkawarin bayanin ba tare da ya ce komai ba. Ranar zuwan, motocin suka ratsa gari da gudu, ko birki ba su taka ba, aka bar talakawa da karo-karon biyan bashi. Yadda wannan shaguɓe ya tsallake masu tace fina-finan Franco har ya samu yabo a bikin fina-finai na Cannes, a Faransa, na shekarar, abin jinjina ne.

Su Excelencia na ɗan wasan barkwanci Cantinflas, 1967, daga Meziko: akwai dariya, sai dai ƙarshensa doguwar huɗuba ce. La muerte de un burócrata na Kyuba, 1966, ya iya zolayar ma'aikatan ofis, shi ne na biyu a wurina. El verdugo na 1963, shi ma na Berlanga, barkwanci ne a kan mai aiwatar da hukuncin kisa, ba na hira da iyali ba ne.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen saye. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da faifai, kwali fes, amma rubutun fassarar yana riga bakin 'yan wasa da nisa, kana karanta amsa kafin a yi tambaya. Fim irin wannan kuwa rabin daɗinsa a magana yake. Don haka ka sa a kunna maka a gabanka, ka tsallaka tsakiya, domin farkon yakan zo daidai, can ciki ne yake zamewa. Mai shagon da ya ce "Alhaji, ai sabo ne a leda, ba a buɗewa", ka riƙe kuɗinka.

Ka duba bayan kwali ma. Faifan da aka buga a Sifaniya ba lallai ya zo da fassarar Turanci ba, kuma DVD ɗinsu na shiyya ta 2 ne, na'urar da aka kulle ga shiyyar Amurka ba za ta karɓa ba. Hoton asali kusan murabba'i ne; in ka ga ya cika faffaɗan allo, fuskoki sun baje, an ja shi ne ko an yanke sama da ƙasa. Wanda aka shafa wa launi da kwamfuta kuwa, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Haka kwafin da ke yawo a intanet, wasu an guntule mafarkan da mutanen gari suka yi a daren jajibiri, alhali a nan ne manomi ke ganin an sauko masa da tarakta daga jirgin sama.