Dattijon da ya karanta min Du Fu a Chengdu

Sayen kayan gyaran injin ban-ruwa ya kai ni birnin Chengdu na ƙasar China, sai na sami yini guda ba ni da aiki. Tun ina sakandare nake son rubutacciyar waƙa, don haka na ɗauki jagora, wani dattijo tsohon malamin makaranta mai jin Turanci, ya kai ni bukkar Du Fu, shahararren mawaƙin China na zamanin da. Kuɗin da ya yanka min bai yi yawa ba, kuma ya ci guminsa.

Tun a ƙofa ya gaya min gaskiya: bukkar sake gina ta aka yi. Du Fu ya iso garin a ƙarshen 759, yana gudun yaƙin da tawayen wani janar mai suna An Lushan ya haddasa tun 755, kuma a nan ya yi waƙoƙi sama da 240. Ƙarƙashin jinkar bukkar, dattijon ya tsaya, ya rufe ido, ya rera waƙar 761, wadda iska ta yaye rufin, yaran ƙauye suka kwashe ciyawar suka gudu, shi kuwa mawaƙin ya kwana cikin yoyo yana fatan a sami katafaren gida da zai ɗauki duk talakawan masu ilimi. Ban ji kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi.

Inda ya fi burge ni shi ne bayanin salon waƙar da ake kira lushi: ɗango takwas, kowane da harafi biyar ko bakwai, baitoci biyu na tsakiya dole su yi daidaito kalma da kalma, sautin murya kuma yana sauyawa tsakanin miƙaƙƙe da karkatacce. Da yatsa ya riƙa buga benci yana nuna min, kamar yadda malaminmu ke yanka mana arulli, wato ma'aunin waƙa.

Aibinsa ɗaya, son kai ga gwaninsa. Da na tambaye shi Li Bai, wani babban mawaƙi na zamanin Du Fu, sai ya kawo hukuncin mawaƙi Yuan Zhen na 813 da ya fifita Du Fu, ya yi shiru. Sai da na matsa, na ce, "Malam, ba wanda ya musa?" sannan ya yarda marubuci Han Yu ya mayar da martani cewa hasken su biyun ba ya dusashewa.

Duk mai zuwa ya je da sassafe, kafin ɗalibai su cika wurin, kuma ya roƙe shi ya maimaita waƙar iskar sau biyu.