Teburin Tsofaffin Ɗalibai ko Teburin Neman Gudummawa: Wanne Za Ki Nema?

Ƙanwata, tun shekaranjiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa. Ga waɗanda ba su gani ba: ta gama digiri na biyu a Ingila, jami'ar da ta yi karatu kuma ta fitar da guraben aiki biyu na masu farawa a ofishi ɗaya. Ɗaya na hulɗa da tsofaffin ɗalibai, ɗaya na neman gudummawar kuɗi. Tana so ta san wanne ya fi, da wanda zai amfane ta in ta koma gida. Sai ta ƙara da cewa na biyun yana mata kama da maula, ba ta san bakin da za ta yi wa Baba bayani da shi ba.

Na zauna a kan teburan biyu, sai dai na fi daɗewa a na biyun, don haka ki san inda zuciyata ta karkata tun yanzu.

Mu fara kawar da maganar maula. Mai maula cikinsa yake nema wa. Ke albashi za a riƙa biyanki, ko kwabo ba za ki gani ba daga abin da aka bayar. A Amurka ma ƙungiyar masu wannan sana'a ta hana mambobinta karɓar kaso daga abin da suka tara. In Baba ya tambaya, ki ce masa aikin waƙafi ne, zai gane nan take. Babban asusun da jami'o'in nan suke tinƙaho da shi haka yake tafiya: a ajiye uwar kuɗi, a juya ta, a ci daga abin da ta haifa. Na Harvard ya haura dala biliyan 50, kuma kimanin kashi 5 cikin ɗari suke taɓawa a shekara. Sana'ar ba ta jiya ba ce. Tun 1643 aka buga ɗan littafi a Landan don nema wa Harvard taimako, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Kwalejin Williams kuma tun 1821 take. Uwar ƙungiyar ma'aikatan teburan biyu, CASE, an kafa ta a 1974. Ki riƙe sunan, za ki ji shi a intabiyu.

To, teburin tsofaffin ɗalibai. Aikinsa zumunci ne, kuma kin san zumunta a ƙafa take. Ke ce mai amsa imel ɗin wanda ya gama a 1987 yana neman abokin ɗakinsa. Ke ce mai haɗa wasiƙar wata-wata, mai shirya taron 'yan aji, mai bin reshen Legas da na Dubai da na Hong Kong kina lallashin shugabanninsu, waɗanda ba biyansu ake yi ba, balle ki ɗaga musu murya. Akwai daɗi a ciki. Ranar da kika haɗa ɗaliba 'yar shekarar ƙarshe da wata tsohuwar ɗaliba da ta samar mata gurbin koyon aiki, za ki koma gida kina murmushi ke kaɗai a bas.

Amma ga ɗaya fuskar. Wani Nuwamba na shafe mako uku ina shirya taron yamma. Na buga katin suna na kowa, na jera su a kan tebur bi da bi, na gyara, na sake gyarawa. Ƙarfe biyar sai ruwa ya tsuge. Ko rabin waɗanda suka yi rajista ba su zo ba. Ina tsaye a bakin ƙofa da murmushin dole, masu abinci suna ta fito da faranti, shugabana na ofis yana duban agogo. Ƙarfe tara na tattara katunan cikin leda, washegari aka ce in rubuta rahoton abin da taron ya haifar. Nan matsalar teburin take: me za ki rubuta? Zumunci ba ya hawa sikeli. Ana ƙirga waɗanda suka zo taro, da waɗanda suka buɗe imel, da masu aikin sa-kai, amma ranar da jami'a ta shiga matsin kuɗi, wanda ba zai iya nuna fam nawa ya kawo ba shi ake fara kallo.

Wani abu kuma da ba za a rubuta a tallar aikin ba: yawancin tarukan da yamma ake yi ko ƙarshen mako, kuma da wuya a yi su babu giya a kan tebur. Ba wanda zai tilasta miki sha, amma wataƙila ke za a ce ki yi odarta. Ki yanke wa kanki hukunci tun kafin ki shiga, ki kuma faɗa musu da wuri. Ni da na faɗa, wata abokiyar aiki ta ɗauke min wannan ɓangaren ba tare da wani ka-ce-na-ce ba. Haka ma sallar magariba da rani da hunturu, sai kin san ɗakin da za ki laɓe.

Yanzu teburin gudummawa. Cire wa ranki cewa za ki zauna cin abinci da attajirai. Mai farawa ɗaya daga cikin wurare uku ake ajiye shi: ko wajen ƙananan kyaututtuka na wata-wata, ko wajen binciken waɗanda ake sa ran za su bayar, ko wajen godiya da kai rahoto ga waɗanda suka riga suka bayar. Ni a na farko na fara. Sau biyu a shekara mukan ɗauki ɗalibai aiki na 'yan makonni, mu zaunar da su a ɗaki da waya a kunne, daga bayan la'asar zuwa dare, suna kiran tsofaffin ɗalibai. A yi hira, a tambayi ina aka kwana a rayuwa, sannan a ce ko za ka iya fam goma a wata don tallafin karatun marasa hali. Mafi yawa a'a za su ce. Wasu su kashe waya. Akwai allo a bango da ake rubuta abin da aka samu kowane dare, kuma kowa yana gani.

Za ki koyi abubuwan da ba a koyarwa a aji. Misali tsarin Gift Aid: in mai biyan haraji a Birtaniya ya ba da fam 100 ya kuma sa hannu a takardar amincewa, gwamnati za ta ƙara fam 25. Mantuwa da wannan 'yar takarda asara ce tsagwaronta. Za ki koyi dokar bayanan mutane, wadda ba a wasa da ita. A ƙarshen 2016 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar manyan ƙungiyoyin agaji biyu saboda, cikin wasu laifuffuka, sun binciki dukiyar masu ba su taimako a ɓoye, sannan a watan Mayun 2018 sabuwar dokar Turai ta ƙara ɗaure komai. Za ki kuma koyi rumbun bayanai, irin su Raiser's Edge, har ki riƙa mafarkinsa.

Rumbun nan shi ne zuciyar ofishin, kuma a kansa na yi kuskuren da har yau ban manta ba. Na ba wata ɗaliba jerin sunaye ban tace shi da kyau ba. Ta kira wani gida ta nemi wata mata da fara'arta. Dattijon da ya ɗauka ya yi shiru, sannan ya ce matarsa ta rasu wata takwas da suka wuce, kuma ya rubuto mana wasiƙa a lokacin. Na je na duba, wasiƙar tana nan, an ɗauki hotonta an ajiye, ba wanda ya gyara bayanin. Yarinyar ta fita tana kuka. Washegari na rubuta masa takardar ban haƙuri da hannuna. Tun ranar, duk wanda ya ce min shigar da bayanai ƙaramin aiki ne sai in dube shi kawai.

Teburan biyu fa igiya ɗaya ce, kowa ya riƙe bakinsa. Attajirin Amurka Michael Bloomberg ya ba jami'ar da ya yi karatu, Johns Hopkins, dala biliyan 1.8 a 2018, amma kyautarsa ta farko dala 5 ce, shekara ɗaya bayan ya gama. Wani ya karɓi dala biyar ɗin nan ya yi godiya, wasu suka yi ta riƙe zumuncin fiye da shekara hamsin. Sai dai ba kowane babban mai bayarwa ne tsohon ɗalibi ba. Stephen Schwarzman da ya ba Oxford fam miliyan 150 a 2019 ba a can ya yi karatu ba. Shi ya sa teburin gudummawa ya fi faɗi. Ya kuma fi haɗari. Makarantar LSE ta Landan ta amshi alƙawarin fam miliyan 1.5 daga gidauniyar ɗan Gaddafi, da rikicin Libiya ya ɓarke a 2011 abin ya zama abin kunya har shugabanta Howard Davies ya ajiye aiki. A yau, kafin a karɓi babbar kyauta sai an bi asalin kuɗin, kuma sau da yawa ƙananan ma'aikata irinki ne ke fara tono.

Maganar ci gaba gajeruwa ce. Albashin farko kusan ɗaya ne, ba kuma mai yawa ba. Bayan 'yan shekaru ne hanya ke rabuwa: matakalar gudummawa ta fi tsawo, kuma asibitoci da gidajen tarihi da ƙungiyoyin agaji duk suna neman mai wannan hannun. Daga gudummawa zuwa tsofaffin ɗalibai sauƙin tsallakawa gare shi. Akasin haka sai an tambaye ki nawa kika taɓa tarawa. Ki kuma tambaye su ƙarara ko suna ɗaukar nauyin bizar aiki idan bizarki ta bayan kammala karatu ta ƙare, kada ki bari sai kin saba da wurin.

Sai batun gida, inda na fi so ki tsaya ki yi tunani. Ofisoshin nan akwai su a jami'o'inmu. A shekarun 2000 gidauniyar MacArthur ta tallafa wa Bayero da Ahmadu Bello da Ibadan da Fatakwal, kuma ƙarfafa neman gudummawa yana cikin abin da aka yi. Masu bayarwa ma akwai: ga makarantar kasuwanci da Dangote ya gina a Bayero, ga naira biliyan ɗaya da gidauniyar Abdul Samad Rabi'u ta ware wa Ahmadu Bello a 2021. Zumunci kuwa ba sai an koya mana ba. Dubi tsofaffin ɗaliban Barewa, ko zauren WhatsApp na 'yan ajinku, yadda ake haɗa kuɗin asibiti cikin kwana biyu in wani ya kwanta.

Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne tsakiyar. Mun iya ƙaddamar da gidauniya: a kira manyan baƙi, maroƙi ya yi kirari, a sanar da miliyoyi a lasifika, a watse. Wa zai bi alƙawarin bayan wata uku? Wa zai rubuta wa wanda ya cika ya ce ga ɗakin karatun da kuɗinka ya gyara, ga hotonsa, ga abin da ya rage? Sannan tsohon ɗalibin da ya yi wata shida yana safa da marwa kan takardar sakamakonsa, da wane ido za a dube shi a ce ya kawo taimako? Na taɓa yin wannan zaryar da kaina, kuma da aka turo min saƙon neman gudummawa daga baya, ban ko buɗe ba. Jami'ar da ta saba jiran TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ba ta cika jin zafin rashin lambar wayar ɗalibanta ba.

Saboda haka, in ni ce ke, na gudummawa zan nema, in kuma roƙi a sa ni wajen ƙananan kyaututtuka. A can ne za ki koyi riƙe sunaye dubbai ba tare da sun ruɓe ba, da bin alƙawari, da yin godiya cikin kwana biyu, da rubuta rahoton da mai kuɗi zai yarda da shi. Waɗannan ne za ki sauke a Kano ko Zariya su yi aiki washegari. Shirya taro kuwa, wa zai koya wa Bahaushiya?

Sharaɗi ɗaya ne. In kin san kalmar a'a tana hana ki barci, ko allo a bango da lamba a gaban sunanki zai sa ki ciwon kai, to ki ɗauki na tsofaffin ɗalibai da zuciya ɗaya, ba faɗuwa ba ce. Sai dai ko a can ki matsa kusa da mai kula da rumbun bayanai, ki ce ya koya miki.

Ba laifi ki nemi duka biyun, amma kada ki tura takarda iri ɗaya, domin mai yiwuwa mutum ɗaya ne zai karanta su. A intabiyu za su iya cewa ki kwatanta yadda za ki nemi fam ashirin a wajen wanda bai taɓa bayarwa ba. Ki gwada da bakinki a gaban madubi, ki faɗi adadin, sannan ki yi shiru ki jira amsa. Shirun nan ne ya fi ba ni wuya a shekarata ta farko. Turo min tallar guraben biyu ta akwatin sirri in duba miki kafin ranar rufewa.