Wasan barkwanci na maƙalewa a duniyar kwamfuta: wanne za ka saya?

Kafin ka ciro kuɗi, fara duba ko kana da tabarau na VR, wato wanda ake maƙalawa a fuska ka ga kamar kana cikin duniyar kwamfuta, domin shi ke raba waɗannan wasanni gida biyu.

In kana da shi, Virtual Virtual Reality na kamfanin Tender Claws, wanda ya fito a 2017, shi na fi so. An ɗauke ka aiki a wata ma'aikata mai suna Activitude, inda ɗan Adam ke yi wa na'urori masu basira hidima. Cikin iyayen gidanka har da wani dunƙulen bota da ke ta umartarka ka gasa masa burodi. Sai ka tsinci wani tabarau a cikin wasan, ka maƙala a fuska, ga ka a wata duniyar, can ma wani tabarau na jiranka. Tun kana ƙirga hawa nawa ka nutsa har lissafi ya ɓace maka.

Accounting+ ma dabararsa ke nan, amma ashar da ihu sun yi masa yawa, ga shi gajere. Kada ka kunna shi gaban yara.

Wanda ba shi da tabarau kuwa bai yi asarar komai ba. The Stanley Parable ba labarin VR ba ne kai tsaye, amma babu wasan da ya kai shi iya tsokanar wanda aka kulle a cikin labari. Kana ofis, ga ƙofofi biyu a gabanka, wata murya ta ce Stanley, wato kai, ya bi ta hagu. Bi ta dama ka ji mita. Shiga ɗakin ajiye tsintsiya ka ƙi fitowa, muryar za ta yi ta magiya har ta koma gatse. Nemi Ultra Deluxe na 2022 maimakon na 2013, ya ƙunshi tsohon da ƙari, kuma yana kan kwamfuta da PlayStation da Xbox da Switch.

Wanda waya kaɗai gare shi ya duba There Is No Game: Wrong Dimension na 2020. Wasan da kansa ke rantsuwa babu wasa a nan, ka tafi abinka. Sai dai akwai wasa ƙwaƙwalwa sosai a ciki, mai gajen haƙuri zai sha wuya.

Akwai kuma na rubutu zalla, ka karanta ka zaɓi abin da zai biyo baya. Ana samun su da yawa kyauta a shafin itch.io da gasar IFComp da ake yi duk shekara tun 1995. Gwada ɗaya tukuna, domin dariyar wannan fanni a magana take, yawanci da Turanci, in bai zauna maka ba rabin raha za ta wuce ka.

Idan a Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta a intanet, ka saya, ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka buga awa 2 ba. Wannan ya isa ka gane ko tabarau na sa ka jiri.