Gashin da aka yi wa Baba a Yamai

Wata takwas Baba yana fama da ciwon baya, mu kuwa muna cewa zaman dukanci ne, don shekara arba'in ke nan yana duƙe kan fata a unguwar Birni, a Damagaram. Sai da hoto da gwajin jini suka nuna mayeloma ce, sankarar ɓargo mai cin ƙashi kamar gara. Ta riga ta rarake masa ƙashin baya guda. Likita ya ce a kai shi gashi Yamai, wato a haska wurin da na'ura mai kashe ƙwayoyin sankara.

Kafin 2021 ko wannan babu a Nijar, sai a ƙetare iyaka. Yanzu akwai, amma kusan kilomita 900 ne daga Damagaram. Ta Tasawa, Maradi, Ƙonni, Doso, da tsoho mai ciwon baya cikin mota, kowane rami sai ya yi salati. Wahalar tafiyar ta fi ta jinyar.

Aikin kansa kam ban ga abin kushewa ba. Ranar farko ba a gasa komai, hoto aka ɗauka aka auna wurin, aka yi masa alama a fata, aka ce kada a goge. Sannan zama goma, ban da Asabar da Lahadi. Baba ya zaci irin gashin da ake wa targaɗe ne da ruwan zafi. Da ya fito daga zaman farko ya ce da ni, "Ke, yaushe za su kunna wutar?" Ma'aikacin ya yi dariya ya ce, "Ai an gama, Baba." Minti kaɗan ne, ba zafi ba ƙuna, gyara kwanciyar ma ta fi ɗaukar lokaci.

Abin da ya fi burge ni, ba su ruɗe mu ba. Sun ce gashin wurin nan kawai zai kwantar, cutar da ke cikin ɓargo sai magani. Sun gargaɗe mu ciwon kan iya tashi kwanakin farko, ya kuwa tashi. Sun hana shi maganin ciwo na diklofenak saboda ƙoda, suka ce ya yawaita shan ruwa. Inna ta tambaya ko jikoki za su iya matsowa kusa da shi, aka ce su hau cinyarsa ma, ba ya ɗauke da komai.

Mako uku da dawowarmu ya fara sallah a zaune ba mai tallafa shi. Jiya ya sa a miƙo masa basilla.